Nauyin Abin da Ke Aljihu

Bindigar aljihu an ƙera ta ne domin mai ita ya manta yana ɗauke da ita, kuma daga wannan buƙata sauran siffofinta suka tsiro: gajeren baki, siririn jiki, mariƙin da ba ya cika tafin hannu, da harsashin da aka rage wa ƙarfi don ya dace da ƙaramin gida. Samfurin LCP da kamfanin Ruger ya fitar a 2008 bai kai giram 300 ba in babu harsashi a ciki, wato da kaɗan ya ɗara babbar wayar hannu nauyi. Yana cin harsashi shida, na bakwai a baki. Mutum zai iya yini da shi a aljihun wando, ya yi ciniki, ya gaisa da maƙwabta, babu wanda ya sani.

A ƙasar da na taso, dokar makamai ta 1959 ta jera irin wannan bindiga cikin haramtattu, don haka tambayar ba ta taɓa zuwa gaban talaka ba. A jihar Texas ta Amurka kuwa, inda nake rufe shago bayan sha biyun dare, tun ranar 1 ga Satumba, 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya haramta masa makami yana iya ɗaukar ta a ɓoye ba tare da lasisi ba. A kantuna ana jera su cikin gilashi kamar agogo. Hukuma ta janye hannunta, ta bar wa kowa ya yanke wa kansa hukunci. Da aka yi wa wani shago a layinmu fashi, sai hukuncin ya iso kaina.

Harsasan da ake magana a kansu huɗu ne: .22, .25, .32 da .380, kuma lambobin kusan faɗin harsashi suke nunawa a ma'aunin inci. Ukun ƙarshe duk ƙirar mutum ɗaya ce, John Browning, wanda .380 ɗinsa ya fito a 1908. Faɗinsa ɗaya da na harsashin milimita tara da 'yan sanda ke amfani da shi, sai dai kwansonsa ya gaza da milimita biyu, albarushinsa bai kai ba, gudunsa ma haka. Bayan musayar wuta da jami'an FBI suka yi da 'yan fashi biyu a Miami a 1986, hukumar ta kafa ma'auni: harsashin da za a dogara da shi ya nutsa aƙalla inci 12 cikin wani daskararren abu mai kama da tsokar mutum. A bakin wannan iyaka .380 yake tsaye. In aka zaɓi mai buɗewa idan ya shiga jiki, yakan tsaya bai kai ba. In aka zaɓi wanda ba ya buɗewa, yakan kai, amma ta siririyar kafa. Su .25 da .22 sun fi shi rauni, kuma .22 ya fi saura yawan ƙin tashi, abin da ba a so a daren da ake buƙatarsa.

Abin da mai kanti ba ya saurin faɗa shi ne, ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar harbi. Nauyi ne ke shanye zaburar da bindiga ke yi idan ta tashi, ita kuwa ba ta da shi, sai ta juye komai a tafin hannu. Yatsu biyu kawai ke samun wuri a mariƙinta, ƙaramin yatsa yana lilo a iska. Abin saitinta ɗan tsiro ne da ido ke nema da kyar, kunamarta kuma doguwa ce mai tauri, da gangan, don kada ta tashi a aljihu. Wanda ya harba guda hamsin da ita a filin koyon harbi, da zogi a hannu zai koma gida, kuma abin da ke sa zogi ba a ɗokin komawa gare shi. Shi ya sa nake jin takaicin mazan da ke saya wa matansu mafi ƙanƙanta, wai don ta dace da hannun mace. Sun ba su wadda ta fi kowace bukatar gwaninta. Akwai masu cin milimita tara guda goma, irin P365 ta kamfanin SIG da ta fito a 2018, amma tana kusa da rabin kilo, tana rinjayar aljihu, kuma bindigar da ta dami mai ita a gida ake barin ta.

Masu son manyan makamai sukan yi wa waɗannan harsasai dariya. Tarihi bai yi ba. Da bindigar aljihu mai cin .380 Gavrilo Princip ya kashe yarima mai jiran gadon Ostiriya da matarsa a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, 1914, yaƙin duniya ya biyo baya, da.22 aka kashe Robert Kennedy a 1968. Ɗan hakin da ka raina, in ji magabata, shi ke tsone maka ido. Nan ne ƙullin yake, kuma nan na fi daɗewa ina juyayi: harsashin da ba lallai ya tsayar da ɗan fashi cikin daƙiƙa ukun da yake ruga maka ba, ya isa ya kashe shi bayan awa guda a gadon asibiti, ya kuma isa ya kashe yaron da ya tsinci bindigar a aljihun wandon da aka rataye.

Aljihun ma yana da sharuɗɗansa. Dole a sa ta cikin kube mai rufe kunama, kuma ba a haɗa ta da makulli ko tsaba ko carbi. Aljihun kaftani bai dace da ita ba sam, domin yana da faɗi, tana reto a ciki, in an yi sujada ta bugi ƙasa. Ranar Juma'a ba ta bin ni masallaci.

Sai kuma batun wanda ke ɗauke da ita. A watan Yuli na 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da motar Philando Castile, baƙar fata mai lasisin ɗaukar bindiga. Ya sanar da jami'in cewa yana da makami, cikin daƙiƙu kaɗan aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara huɗu, kuma a 2017 kotu ta wanke jami'in. Ni baƙi ne, Turancina da karin garinmu, sunana na Musulmi. Don haka na zauna darasi na karɓi lasisin da doka ba ta tilasta mini ba, saboda in an tsayar da ni katin ya riga bakina magana, hannayena suna bisa sitiyari.

Da na kawo zancen gida, uwargida ba ta tambayi lambar harsashi ba. Cewa ta yi, “Maigida, ranar da ranka ya ɓaci fa, ina za ta kwana?” Tana da hujja, domin fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka harbe kansu.

Na zaɓi Glock 42, mai cin .380, wadda ta ɗan fi LCP girma, ta fi ta sauƙi a hannu, kuma nauyinta ba ya barina in manta tana nan. Ina ɗaukar ta ne kawai a dararen da nake rufe shago. In na shigo gida, kafin in cire takalmi ta shiga akwatin ƙarfe, wanda ni da uwargida kaɗai muka san lambarsa. Ita ta gindaya sharaɗi na ƙarshe, na kuma amince: duk watan da ya wuce ban je na harba guda hamsin ba, za ta canza lambar akwatin, ni kuma in mayar da bindigar kanti.