Fentin moto da takardar ciniki

Shekara guda na yi ina tsimi daga albashina kafin na sayi sabon moto a Yamai, don zirga-zirga tsakanin Damana da ƙauyen da nake koyarwa. Ko sati biyu bai cika ba, fentin tankin ya fara ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa.

Na koma wurin dillalin. Ya ce, "Malam, ai zafin ranar Kurfai ne." Na zaro takardar ciniki mai ɗauke da kwanan wata, na nuna masa tsatsar da ke ƙarƙashin fentin, na ce, "Alhaji, wannan tsatsa ta girmi cinikinmu." Sai a zuwana na uku ya canza tankin.

Yanzu idan uba ya tambaye ni amfanin sa yaro makaranta, wannan takardar nake nuna masa.