Olsar Yayata

'Yan uwana mata, akwai wani laifi da na aikata da alƙalamina, yau nake so in amsa shi a gabanku. Duk wadda ta karanta littafina na biyu za ta tuna inda tauraruwar labarin ta yanke jiki ta faɗi a daren da aka kawo mata kishiya, aka kwashe ta ranga-ranga sai asibiti, likita ya cire tabarau ya dubi mijin ya ce, "Alhaji, olsa ce ta kama matarka saboda damuwa, sai a kiyaye ɓacin ranta." Na rubuta wannan ina jin daɗi, masu karatu suka yi ta aiko min da saƙo wai sun zubar da hawaye. Ashe irin wannan maganar ce za ta kusa raba ni da yayata.

Yaya uwa ɗaya uba ɗaya muke da ita, kuma ita ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu har ta kai ni ɗakin miji. Shekara tara tana fama da abin da duk dangi muke kira olsa. Zafi ne yake taso mata a ƙahon zuciya kamar an zuba garwashi, musamman cikin dare ko in ta jima ba ta ci komai ba. Babu likitan da ya taɓa duba ta. Mai kemis ɗin layinsu ne ya saurare ta wata rana ya ce olsa ce, shi ke nan suna ya bi ta. Maganinta kuwa sananne ne: madarar gwangwani a ƙarƙashin gado, da farin maganin nan na ruwa mai kama da kunun alli. Ta bar yaji, ta bar tsami, ta bar ƙosai, ciwo dai yana nan.

Mu kuwa dangi mun riga mun yanke hukunci. In ta dafe ciki sai Gwaggo ta girgiza kai ta ce, "Ai tun da aka yi mata abokiyar zama take haɗiyar baƙin ciki." Wasu su ce a abinci aka ba ta. Ni da nake taƙama na yi sakandare, na fi kowa yarda da zancen damuwar, don ya yi daidai da abin da nake rubutawa.

Akwai kuma wani abu da babu wanda ya taɓa haɗa shi da cikin nata. Yaya ɗinki take yi, yini take a kan keke, ga wanki ga girki, saboda haka ba ta rabuwa da ciwon baya. Kusan kullum da magariba sai ta aiki yaro kemis a ƙullo mata haɗi a 'yar leda, fari da ja da ruwan ɗorawa, ta watsa su baki ta kora da ruwa, wani lokaci ko tuwon dare ba ta ci ba.

Bayan ƙaramar sallar shekarar 2022, da asuba, babbar 'yarta ta kira ni tana kuka ta ce Umma ta faɗi a banɗaki. Da muka isa asibiti tafin hannunta ya yi fari fat kamar takarda. Likitar mace ce, ta janyo kujera kusa da ita ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri da tambayata, bayan gidanki ya canza kala?" Yaya ta sunkuyar da kai, can ta ce a hankali, "Ya yi baƙi." Likita ta ce tun yaushe? Ta ce kwana shida. Wallahi sai da na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Kwana shida jini yana zuba a cikinta, na je gidan har sau biyu mun yi hira mun yi dariya, kunya ta hana ta faɗa min. Mun taso ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to ga inda riƙe sirri ya kai mu. Leda biyu na jini aka ƙara mata.

Da ta ɗan farfaɗo aka tura mu wani babban asibiti don a leƙa cikin, domin inda muke ba su da na'urar. Endoskofi suke kiran aikin. Wani siririn tiyo ne mai laushi, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Sai a fesa wa mutum magani a maƙogwaro, a zura shi ta baki har ciki, likita yana kallon komai a talabijin. Yaya ta tsorata ƙwarai, har wasiyya ta bar min a kan yaranta, amma ko minti 20 ba a yi ba aka fito da ita. An ga gyambon ƙuru-ƙuru a farkon ƙaramin hanji, an kuma tsinko ɗan ƙanƙanin nama daga bangon cikin don a gwada.

Ranar da sakamako ya fito na yi ƙarfin hali na ce, "Likita, ai damuwa ce ta jawo mata, ko?" Ta yi murmushi ta ce damuwa tana iya sa mutum ya ƙara jin zafin ciwo, haka yaji ma, amma abu biyu ne suke haddasa mafi yawan gyambon ciki a duniya, kuma Yaya ta haɗa su duka. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta failori, wadda take zama a bangon ciki ta raunana majinar da take kare shi, har ruwan tsamin da ke narka abinci ya samu hanyar ƙona naman. Na biyu magungunan kashe zafin ciwo irin su asfirin da ibufurofen da diklofenak, waɗanda su ne cike da haɗin da take sha. Ta ce madarar ma ɗan sanyi kawai take kawowa na lokaci kaɗan, daga baya ta sa cikin ya ƙara fitar da tsami.

Na koma gida na kasa barci, na shiga neman labarin ƙwayar nan. Ashe ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. Su kansu manyan likitocin Turai da Amurka sun shafe shekaru masu yawa suna cewa damuwa da yawan tsami ne, suna ɗora marasa lafiya a kan madara, wasu ma a yanke musu wani sashe na ciki. Sai a 1982 wasu likitoci biyu a ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rainon ƙwayar daga cikin marasa lafiya. Aka ƙi yarda da su, ana cewa babu abin da zai rayu a cikin tsami irin na cikin mutum. Da abin ya ishi Marshall, a 1984 sai ya ɗauki ruwan da aka raini ƙwayar a ciki ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa cikinsa aka ga ya kumbura, ga ƙwayar nan ta yi gida. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel ta fannin likitanci. Kin ji fa, tun kafin a haife ni aka gano wannan, amma labarin bai iso ɗakin Yaya ba sai da ta kusa mutuwa.

Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya, a ƙasashe irin namu kuwa yawan ya fi haka. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta a cikin gida, ta yawu ko amai ko bayan gida ko ruwa mara tsabta. Kada hankalinki ya tashi, mafi yawan masu ita ba ta taɓa yi musu komai har su tsufa. Amma wasu takan yi musu gyambo, wasu 'yan kaɗan kuma bayan shekaru masu yawa takan kai su ga ciwon daji na ciki. Tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin abubuwan da ke haddasa shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ciwon yana warkewa. An rubuta wa Yaya magungunan kashe ƙwayoyin cuta kala biyu tare da omifirazol mai rage tsamin ciki, za ta sha su kwana 14 ba fashi, sannan ta ci gaba da na rage tsamin na wasu makonni. Likita ta hana ta haɗin kemis gaba ɗaya, ta ce in bayan ya matsa ta sha farasitamol. A kwana na biyar Yaya ta ce bakinta ɗaci kamar ta tauna maɗaci, zuciyarta tana tashi, kuma ai ta ji sauƙi, ita ta gama. Nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Na ce, "Yaya, ke kika riƙe ni kika ɗura min maganin zazzaɓi ina kuka, yau ranar ramuwa ce." Na tare a gidanta da goyona har ta haɗiye ƙwaya ta ƙarshe. Bayan sama da wata guda aka gwada bayan gidanta, aka ce ƙwayar ta mutu. Azumin da ya biyo baya ta yi shi cif, abin da ta yi shekaru ba ta iya ba.

To amma kada in yi miki daɗin baki. Wannan lafiyar sai da 'yan kunnen zinaren Yaya suka tafi kasuwa, mijinta da ƙannenmu maza suka yi karo-karo. Na'urar leƙa ciki sai a manyan asibitocin birni, likitocin da suka ƙware a ciki da hanji da hanta kuwa 'yan kaɗan ne, layinsu ya yi tsawo. Na ga wata dattijuwa da aka kawo daga ƙauye ta rame sai ƙashi, ita ma shekaru tana shan madara, da aka leƙa ashe daji ne ya riga ya ci ƙarfinta.

Wata matsalar kuma da hannunmu muke haƙa ta. Ƙwayar nan ta fara gagarar magunguna a ƙasashe da yawa, saboda yadda ake shan su barkatai. Flagyl ɗin nan da muke afa wa yaro da zarar cikinsa ya ɓaci, kwana biyu mu ajiye, yana cikin magungunan da ake yaƙar ta da su, kuma a Afirka ya rage tasiri a kanta sosai. Shi ya sa yanzu a wurare da dama likitoci sukan haɗa magani kala huɗu maimakon uku. An kuma samu wani sabon maganin rage tsami da aka fara amfani da shi a Japan a 2015. Masana suna ta ƙoƙari, mu kuma namu shi ne mu daina rubuta wa kanmu magani, in an rubuta mana mu shanye.

Ga abin da nake roƙon ki riƙe. Ba kowane zafin ƙirji ko kumburin ciki ne olsa ba, don haka in ciwo ya daɗe ki je asibiti ki nemi a yi miki gwajin ƙwayar. Ana yin sa da bayan gida ko da numfashi, sun fi na jini, domin na jini ba ya bambanta wadda take da ita yanzu da wadda ta riga ta rabu da ita. Ki gaya wa likita duk abin da kike sha, har da haɗin kemis da jiƙe-jiƙe, don wasu magungunan sukan ɓoye ƙwayar a gwaji. In kuwa kin ga bayan gida baƙi mai danƙo kamar kwalta mai mugun wari, ko aman jini ja ko mai duhu, ko rama babu dalili, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, ko jiri da farin ido, wannan ba na jiran gobe ba ne. Maganin ƙarin jini da ake ba masu ciki shi ma yana baƙanta bayan gida, amma ki bar likita ya tantance. Sannan wanke hannu da sabulu bayan tsarkin yaro da kafin girki, da tsabtar ruwan randa, suna kare 'ya'yanki daga wannan da wasu cututtukan cikin da yawa.

Damuwar gidan miji gaskiya ce, ba na musun ta, ni ma mace ce. Sai dai mun mayar da ita kwandon da muke jefa kowane ciwo a ciki, mu ce wa mace ta yi haƙuri alhali magani take buƙata. Yaya har yau tana zaune da abokiyar zamanta, wani lokaci su yi daɗi wani lokaci su saɓa, amma cikinta lafiya lau, jiya ma ɗanwake ta ci da yaji. Ta ce in rubuta wannan, in kuma gaya muku kunyar faɗin kalar bayan gida ba ta kai barin marayu ba.

Littafin da nake rubutawa yanzu shi ma akwai wadda take ciwon ciki, amma ita za a yi mata gwaji. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara mana da muke da ita. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.