Yafito: Kiran Da Hannu Ke Yi A Madadin Baki

Duk wanda ya tsaya a bakin babbar kasuwar Jalingo da hantsi zai ga hannuwa suna aiki kamar yadda bakuna ke yi. Mai doya yana kiran ɗan dako, fasinja yana tsayar da mai keke Napep, uwa kuma tana kiran ɗanta daga ƙetaren titi, alhali babu wanda ya ɗaga murya. Wannan shi ne Bahaushe ke kira yafito, watau mutum ya miƙa hannu, tafinsa yana kallon ƙasa, ya riƙa tanƙwaso yatsu zuwa wajensa. Wasu kan ce yafuto, wasu yafato, amma duk abu ɗaya suke nufi.

Akwai masu zaton kalmar ta samo asali daga "ya fito", tun da ga kunne ba su da bambanci, a rubuce ma tazara kawai ta raba su. Wannan zato bai tsaya da ƙafarsa ba, domin ana cewa "ta yafuce shi", ko "ya yafuci yaro", inda babu zancen fita ko kaɗan. Abin da ya tabbata shi ne wasalin ƙarshe. A Hausa, aikatau ya kan ƙare da "o" in motsi ya nufo mai magana, kamar kawo da jawo da turo. Saboda haka wanda aka yafito, an jawo shi ne da hannu ba tare da an taɓa shi ba.

Jalingo kuwa wuri ne da wannan kira ya sami kasuwa. Tun da Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa garin a 1893, har ya zama hedkwatar Jihar Taraba a 1991, Fulani da Mumuye da Jukunawan Kona da Hausawa suke cuɗanya a cikinsa. Hausa ce ke haɗa yawancinsu, to amma tsohuwar da ta sauko daga ƙauye da kayanta ba lallai ta ji ta sosai ba. Hannu kuwa ba ya bukatar tafinta.

Sai dai abin yana da ƙa'ida, kuma a nan ake samun saɓani. Babba ne ke yafito yaro. Yaron da ya yafito dattijo, ko da ya yi nisa, ya nuna rashin tarbiyya, domin kamata ya yi ya taka ya same shi. Hannun hagu ba a kira da shi. Kira da yatsa ɗaya, tafi yana kallon sama, yadda Turawa ke yi, raini ne a wurinmu, ko da yake yaran zamani sun fara kwaso shi daga finafinai ba su san nauyinsa ba. Mafi hatsari shi ne mai gaggawa ya ware yatsunsa biyar ya tura su gaba, domin tsakanin yafito da daƙuwa tazarar kaɗan ce, kuma wanda ya ga an yi wa uwarsa zagi a bainar jama'a ba ya tsayawa neman bayani.

Wani amfaninsa kuma ya shafi kunya. Matar da ba ta faɗin sunan mijinta, ko na ɗanta na fari, al'adar da Fulani da Hausawa suka yi tarayya a kanta, yafito ne ke fid da ita. Haka nan a masallaci ko wurin zaman makoki, inda ɗaga murya abin ƙi ne, sai a jira a haɗa ido, sa'an nan a motsa yatsu sau biyu, wanda ake kira ya taso ya zo ya durƙusa a faɗa masa a kunne.