Abin da Ke Riƙe da Ƙashi

A gidanmu na Dayi, duk Babbar Sallah aikina shi ne riƙe ƙafar rago, Baba yana fiɗa. Ba ya sara da gatari. Sai ya lanƙwasa gwiwar, ya laluba da babban yatsa, ya zura tsinin wuƙa ya tsinke wasu fararen zaruruwa, ƙafa ta rabu salin-alin.

"Ka gani, yaro? Ƙashi ba ya riƙe ƙashi. Jijiya ce ke riƙe su."

Ya nuna mini kan ƙashin, fari fat, da santsi kamar tangaran, ya ce guringuntsi ke nan. Ta bayan agara kuma yake zura igiya ya rataye ragon a jikin darbejiya, agarar ta ɗauke nauyinsa duka ba ta tsinke ba.

Kai da ƙafa na Inna ne. Ta babbake, ta kankare, ta ɗora tun la'asar. Da safe romon ya daskare, mu yanka da cokali. Sai da na shiga sakandare a Malumfashi na ji sunan abin: kolajin, sinadarin da ke cikin agara da guringuntsi da fata, wanda doguwar dahuwa ke narkarwa.

Wata damina ina jan shanun huɗa, ƙafata ta gurɗe a kwarin kunya, na yi targaɗe. A wannan makon ƙanena ya faɗo daga mangwaro ya karye a hannu. Maɗori ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karan dawa. Mako shida yaro ya koma langa. Ni kuwa har aka yanke dawa ina ɗingishi, ana ce mini mai raki. Ashe ƙashi jini ke ratsa shi sosai, shi ya sa yake saurin haɗewa. Jijiyar gaɓa jininta kaɗan ne, guringuntsi kuwa ba shi da hanyar jini sam.

Da Baba ya manyanta, ruku'u ya soma gagararsa. A Asibitin Ƙashi na Dala, a Kano, likita ya ɗaga hoton gwiwarsa ya ce guringuntsin ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Baba ya gyaɗa kai, domin da hannunsa ya san abin.

Yanzu wuƙar tana hannuna, ɗana ke riƙe ƙafar. Baba yana kan kujera da sandarsa, da na miƙa hannu wajen gatari sai ya ce, "A'a. Nemi gaɓa."