Sababbin faya-fayen Nijar a kunnen mutumin Difa

Cikin ƴan shekarun nan faya-fayen kiɗin Nijar sun yawaita a kasuwar duniya, har jaridun Turai da Amurka suna keɓe musu shafi. Na saurari da dama daga cikinsu a nan Difa, kilomita sama da 1300 daga Yamai, garin da naira ke yawo a kasuwa kafaɗa da kafaɗa da sefa, kuma labarin Maiduguri kan riga na babban birninmu isowa. Wannan nisa yana da amfani ga mai sharhi: babu mai gayyatarka walimar ƙaddamar da faifai, sabili da haka babu wanda kake jin nauyinsa.

Bari mu fara da wanda sunansa ya fi tashi, wato Mdou Moctar, bahagon makaɗin jita ɗan jahar Tawa. A watan Mayu na shekara ta 2024 ya fitar da "Funeral for Justice", wanda ma'anarsa jana'izar adalci. Faifai ne mai fushi. Jita tana kururuwa, ganga tana sukuwa kamar dokin da ya ƙwace linzami, waƙoƙin kuma ba su ɓoye wanda suke nufi ba: ɗaya tana tuhumar Faransa da sunanta, wata mai suna "Imouhar" tana roƙon Abzinawa kada su bar harshen Tamashek ya mutu a hannunsu. An gama aikin tun kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, don haka ba za a ce mawaƙin ya bi iska ba ne. Gwanintar hannunsa babu gardama a kanta. Sai dai ni a ganina ƙarfin ya yi yawa, kafin a kai rabin faifan kunne ya gaji, maganar da ake son a ji ta nutse ƙarƙashin ƙarar lantarki.

Abin mamaki shi ne su da kansu suka kawo maganin wannan. Juyin mulkin ya riske su suna rangadi a Amurka, aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe. A cikin wannan zaman jira suka shiga ɗakin ɗaukar sauti a birnin Niyok suka sake kaɗa waƙoƙin da jitar katako, aka fitar da su a Fabrairun 2025 da sunan "Tears of Injustice". Waƙoƙin ba su sake ba, amma a nan ana jin numfashin mawaƙi da amshin abokansa, ana jin mutanen da ba su san ranar komawarsu gida ba. Wanda kuɗinsa bai kai na faifai biyu ba, ya nemi na biyun.

Na Etran de l'Aïr, "100% Sahara Guitar" na shekara ta 2024, ba ya buƙatar dogon bayani. Ƴan gida ɗaya ne daga Agadas da suka ƙware a kiɗin biki, kuma bikin suka ɗauko ɗungum suka zuba a faifai. Yana sa ƙafa motsi ko mutum bai so ba. Aibinsa shi ne na kowane kiɗin biki: in ka raba shi da amarya da ƙura da guɗa, waƙa ta uku da ta shida sai su zamo maka tagwaye.

To amma, jama'a masu karatu, gaskiya ɗaya ce: ba waɗannan ake ji a titunan Difa ba. Je ka rumfar masu cajin waya ka ga abin da samari ke biya a tura musu cikin memori. Waƙoƙin Kano ne, su Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef da Hamisu Breaker, wanda "Jaruma" tasa ta cika gidajen biki a shekara ta 2020. Ƴan boko irina sun saba yatsina fuska a kansu, suna cewa fiyano ɗaya ce, murya kuma na'ura ce ta goge ta. Zargin yana da tushe. Amma waɗannan mawaƙa sun iya sarrafa Hausa, suna ɗaure baiti da amsa-amo yadda yarinyar da Kanuri ne harshen gidansu za ta haddace shi cikin kwana biyu. Makaɗan Agadas suna da masu saye a Turai, mawaƙan Kano suna da masu saurare a Difa, kowa da kasuwarsa.

Abin da ya dame ni bayan na gama sauraren duka shi ne babu muryar gabas a ciki. Daga Maine-Sorowa zuwa Boso, duk tsawon kogin Komadugu, da algaitarsa da gangunansa da waƙoƙin matan Manga da na Mobur, faifai guda tak na sani da ya fita duniya da kiɗin wannan yanki, shi ma ba sabo ba ne. Shi ne "Introducing Mamane Barka" na shekara ta 2009, lokacin muna ɗalibai a lise Idrisa Alawma.

Malam Maman Barka Batube ne haifaffen Tasker, malamin lakwal da ya yi suna da gurumi kafin ya san biram. Shi biram kayan kiɗin Buduma ne, masuntan tsibiran tafkin Cadi: tsirkiya biyar, jiki mai siffar kwalekwale, kuma masu shi suna ɗaukarsa abu mai alfarma. A shekara ta 2002, da tallafin hukumar UNESCO, Barka ya tafi bakin tafki wurin Bukar Tar, dattijon da ake cewa shi kaɗai ya rage cikin gwanayen biram, ya zauna a gabansa kamar almajiri, tsohon kuma ya bar masa kayan kiɗin. Da shi Barka ya hau dandamalin WOMAD a Ingila a 2008, tare da abokinsa Umaru Adamu mai duma da kalangu da ƙwarya.

Na sake sauraren faifan bayan na Mdou Moctar, sai na ji bambancin wanda ke kira da ƙarfi da wanda ke magana kusa da kunnenka. Sautin biram ƙasa-ƙasa yake, yana komawa yana dawowa kamar bugun ruwa a jikin jirgi. Ina da ƙorafi ɗaya a kansa: a wasu wurare gangunan Umaru Adamu, duk da daɗinsu, suna danne tsirkiyar, har ka ji an yi wa kiɗin masunta ado irin na dandali domin baƙi. Duk da haka babu wani faifai cikin sababbin da na ambata da ya kai shi zama a zuciyata. Allah ya yi wa Barka rasuwa a watan Nuwamba na 2018, kuma tun daga ranar kunnena bai sake cin karo da sabon faifan biram ba.

Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne ga mutumin nan. A ranar 6 ga Fabrairu 2015 Boko Haram ta kai hari Boso da Difa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na tattasai, a watan Mayu kuma aka umarci mazauna tsibirai su tashi, dubbai suka fito da ƙafa. Makaɗi a ƙasar nan biki yake ci, biki kuma kuɗin tattasai da bandar kifi yake ci. Da manomin bakin kogi ya rasa inda zai kai buhunsa, sai ya ɗaura wa ɗiyarsa aure da fatiha da goro, mai algaita ya rataye algaitarsa ya nemi wata sana'a. An ɗage hanin tattasai a 2017, na kamun kifi a 2019, amma yaron da ya kamata ya yi waɗannan shekaru yana bin ubansa gidajen biki yana koyon busa, a sansanin ƴan gudun hijira ya yi su.

Akwai abin da ya faru da Mamman Sani mai kiɗin ogan da ya kamata gidajen radiyonmu su riƙa tunawa. A 1978 ya ɗauki kaset guda, kofi kaɗan aka buga, aka manta da shi. Sai da wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds ya tsinci kofi ɗaya a wani ɗakin ajiya a Yamai, ya sake fitar da shi a 2013, duniya ta ji. Wannan kamfani ne kuma ya fitar da faya-fayen Etran de l'Aïr. Shekara 35 kaset ɗin ya yi yana jira, amma ya samu jira ne domin wani ya danna maɓallin ɗauka. Yau kowane wakilin radiyo a Difa yana da wayar da ta fi na'urar 1978 ɗaukar sauti, kuma daga nan zuwa Shetimari, inda za a tarar da tsofaffin makaɗa, tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota.