Abin da na gano a Pantang

Uwargida, idan kika bar tsakiyar Accra kika ɗauki hanyar Aburi, za ki isa Pantang. Nan asibitin FOCOS yake, wanda Dakta Oheneba Boachie-Adjei ya buɗe a 2012 domin masu karkacewar ƙashin baya. Ƙanwata na raka da ɗanta, wanda aka haifa da rabin gaɓa ɗaya a baya.

A farfajiya ga yara nan, wasu daga Habasha, da zoben ƙarfe a ka, nauyi yana miƙar da bayansu a hankali kafin tiyata. Wasansu suke yi. Ni ce na kasa kallo.

A kantina kullum ana neman maganin doro. Babu shi. Tiyatar haɗe ƙasusuwan baya tana tsayar da karkacewar, amma wurin da aka haɗe ya daina tsawo ke nan. In aka haɗe gaɓoɓi da yawa a saitin ƙirji yaro bai kai shekara biyar ba, ƙirjin kan tsaya ƙarami, huhu ya rasa wurin girma, numfashi ya riƙa ba shi wahala bayan ya girma.

Don haka ki tambayi likita: gaɓa nawa za a haɗe? Sandunan da ake ƙara wa tsawo ba za su yi ba tukuna?

Mu dai an ce mu dawo bayan wata shida.