Inda Mota Ta Tsaya, Ƙafa Ta Ɗauka

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Haɗeja kafin zuwan acaɓa ya san mota ba ta kai mutum ƙofar gida. Iyakarta ta ajiye ka a bakin titi, gindin wata tsamiya ko gawo, yaron mota ya jefo maka ƙunshinka daga saman bodi, ya bubbuga ƙarfe, ta wuce ta bar ka da ƙura. Daga nan sai ka naɗe ƙafar wando, ka saɓa sanda a kafaɗa. Sauran tafiyar ta ƙafa ce, kuma a nan daɗin yake.

A wancan zamanin, mai zuwa daga Kano, in yana son sauƙin kuɗi, jirgin ƙasan Nguru yake hawa, wanda dogonsa ya isa can tun 1930. Ya bi ta Ringim da Gagarawa, ya sauka a Malam Madori, kunnensa cike da kiran 'yan talla: ga dafaffen ƙwan zabi, ga ƙuli-ƙuli, ga ruwan randa mai sanyi. Daga nan babbar mota mai bodin katako ta kai shi Haɗeja. A tashar Haɗeja kuma ya nemi a-kori-kura mai bin hanyar Nguru, wadda za ta sauke shi Kirikasamma ko wata mararraba kusa da ita. Kun dai tuna ɗan kamasho da "saura mutum ɗaya!" Wannan mutum ɗayan akan fara jiransa da hantsi, wani lokaci sai an yi azahar bai iso ba. Ba mai fushi. Kana zaune kan buhun gero, akuyar wani tana taunar gefen rigarka, wata tsohuwa ta kwance bakin zane ta ɓantaro maka goro. Ko bayan da naira ta zo a 1973, tsofaffi ba su daina lissafi da sule da sisi ba. Sule kwabo goma ne, sisi kwabo biyar, amma kwandasta ya faɗa da kwabo, Inna ta amsa masa da sule, a yi ta ciniki har a daidaita.

Ƙasar tamu ba shimfiɗaɗɗiya ba ce yadda baƙo yake zato daga cikin mota. Sai mai tafiya a ƙasa ne ya san tudu da kwari. Ka hau jigawa, yashi yana cin ƙafarka, gero ya fi ka tsayi dama da hagu, wake na yaɗo a ƙarƙashinsa, can gefe ga riɗi ya yi farin fure. Ka gangaro sai ƙasa ta sauya launi, ta koma baƙin laka, iska ta yi sanyi, ƙamshin danshi ya tare ka, shinkafa ta yi kore shar har gindin goruba. Irin waɗannan jigayin ne suka ba jihar Jigawa sunanta da aka ƙirƙiro ta a 1991, amma mu a tafin ƙafa muka fara saninsu. Da rana tsaka yashin nan ba ya takuwa, shi ya sa ake sammako da raɓa, ko a jira la'asar sakaliya. Ga kuma ƙarangiya, wadda ba ta san babba ba balle yaro. Kafin ka isa gari ta yi wa wandonka ado, ka zauna bakin rijiya kana cirewa ɗaya bayan ɗaya.

Turba ba ta da allo, ba ta da lamba. Kwatance da itatuwa ake yi: ka miƙe burtali har kukar nan mai kogo, ka bar ta a hagunka, in ka hango giginya biyu ka doshi tsakaninsu. In ka rikice, matambayi ba ya ɓata. Ba a wuce manomi a yi shiru. "Sannunku da aiki, Baba." Ya ɗago, ya jingina da fartanya: "Yawwa, sannu da hanya, samari. Daga ina? Ɗan gidan wa?" Kana faɗin sunan kakanka, ashe tare suka yi gardanci, ko sun taɓa haɗa doguwar tafiya zuwa Nguru. Sai ya nuna maka butar duma a inuwa. In da kaka ne, ba za ka tashi ba sai da gasasshiyar masara ko ɗanyar gyaɗa cike da aljihu. A gaba ka gamu da 'yar Fulani ɗauke da ƙwarya, ta dama maka fura ta kwabo biyu, ta ƙara maka ludayin nono gyara. A wasu garuruwan da Manganci ko Badanci za a tare ka, a koma Hausa don kai, a koma nasu in za a yi maka dariya.

Da ruwa ya sauko kuwa, wajen watan Agusta zuwa Satumba, rabin turbobin nan nutsewa suke. Kogin Haɗeja ya tumbatsa, ya rarrabu, ya malale fadamun Marma da Madaci da Baturiya. Inda ka taka da rani, yanzu sai ka tuɓe riga ka ɗora a ka, ka ratsa ruwa iya ƙirji, ko ka tsaya a gaɓa ka ƙwala wa ɗan fito kira. Masunta na kwance kan gora suna jan koma, mata na tsinkar bado, furensa fari fat a kan ruwa. Tun ba ka ga rufin gari ba, hancinka ya ba ka labari: hayaƙin banda ne, tarwaɗa da karfasa suna shan wuta. Da ɗari kuma, in ka bi ta dajin Baturiya, ga dinya, ga kirinjijiya mai fito, ga gauraka, ga waɗansu tsuntsayen da aka ce daga Turai suke zuwa cin rani kamar almajirai.

Abubuwa sun juya a hankali. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo a 1992, ruwan da ke zuwa da lokacinsa, yake komawa da lokacinsa, sai ya rikice. Wani wuri ya ƙafe, wani ya ƙi janyewa, kacala ta samu gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da turbobin da ke ratsa su, ta zama makwancin jan-baki mai cinye shinkafa. Ƙugin injin ban-ruwa ya maye gurbin kukan jigo. Burtali ya tsuke. Jirgin Nguru ma ya daɗe da daina zama abin dogaron matafiyi.

Ba na ƙin acaɓa, Allah ya sani. Ya kai mai naƙuda asibitin Haɗeja a kan lokaci, ya hutar da ƙafafun tsofaffi, ya fitar da tattasan talaka kasuwa kafin ya ruɓe. Sai dai wanda aka goya a babur hannu kawai yake ɗagawa, kafin a tambaye shi ɗan gidan wa ya ɓace cikin ƙura. Magabata sun ce zumunta a ƙafa take, kuma yanzu jikokinmu sun san kuɗin acaɓa zuwa kowane ƙauye, amma ba su san gonar wa suka ratsa ba.

Don haka in Allah ya kai mu kaka, duk mai sauran ƙarfi ya kama hannun jikansa su hau motar Kirikasamma. In an sauka, 'yan acaɓa za su yanyame ku. Ku ce musu yau dai a yi haƙuri. Ku bi turba, ku gaida duk wanda kuka tarar a gona, ka bar yaron ya faɗi sunan gidansu da bakinsa. Akwai sauran tsofaffi a gindin itatuwa da za su gane shi.